An Goge Ba a Karanta Ba

Arlit, farkon bazara

Zuwa ga Maigida, jikana da ya tafi Yamai ya bar ni ba cefane.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Gwiwata ta dama ce kawai ke yi mini gardama da safe, ita ma in rana ta ɗaga sai ta sake ni. Baffanka Fatahu yana gaishe ka. Tun da kamfanin haƙar ma'adinai ya rage ma'aikata garejinsa ya yi sanyi, dafa shayi ya fi masa yawa a kan kwance inji.

Fari dai bai bar kowa ba. Mutanen Gugaram suna ta shigowa gari da ragowar dabbobinsu, sun ce daji ko tsinke babu. Jar akuyata ta koma cin kwali. Shekaranjiya ta shiga ɗakina ta cinye kalanda, har da watan azumi, yanzu ban sani ba ko bana akwai shi.

Hanyar Agadas kuwa ba a binta sai ranar da sojoji suka jera motoci suka shige gaba, saboda nakiyoyi da ƴan tawayen da suka hau dutse. Wasiƙar gidan waya ta zama labarin da. Allah ya saka wa Madam Dorkas, ƴar Maraɗin nan mai siber, shagon intanet, kusa da tasha. Ina rubuta tawa da hannuna, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, ita kuma ta buga a ordinatar, kwamfutar nan tata, ta tura maka. Taka in ta zo sai ta miƙo mini a takarda, a ninke, an danne bakinta da ɗan ƙarfen nan mai cizo. Ta ce haruffana wasu a tsaye suke wasu sun kwanta barci. Na ce mata su ma tsofaffi ne, a bar su su huta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wasiƙarka ta ƙarshe ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Gaisuwa, sai "ina lafiya", sai suna. Ni na goya ka a bayan nan tun ba ka san hannun cin tuwo ba, na san "ina lafiya" ɗinka na gaskiya, na san na ƙarya. Ko dai ciwo, ko aiki, ko mace. In ciwo ne ka je likita. In aiki ne ka yi haƙuri. In kuwa mace ce, to ka yi mini bayani dalla-dalla, domin tun da rediyona ya mutu ba ni da abin nishaɗi.

Taka har kullum,
Inno

*

Yamai

Zuwa ga Inno, tsohuwar matata mai hancin gano magana.

Na gaishe ki da kyau, na gaida Baffa Fatahu da Madam Dorkas. Lafiyata ƙalau, sai zafin Yamai. Gwiwar ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Azumi kuwa yana nan, akuya ba ta da ikon ɗage shi.

Kin canka daidai, mace ce, kuma kin san ta. Zinariya ce, ɗiyar Malam Zayyadu direba, mutumin Tawa, maƙwabcinki na bayan katanga, wadda take koyarwa a lakwal yanzu. Tun zuwana hutun bara na kasa fidda ta a raina. Kwanan baya na yi ta maza na rubuta mata imel ta adireshin da Madam Dorkas ta buɗe mata. Na gaya mata abin da ke zuciyata, na ce in ta yarda zan turo Baffa wurin mahaifinta.

Ordinatar ɗin biromu, wato ofishinmu, tana da wata dabara. In ka aika saƙo kana iya cewa a sanar da kai abin da aka yi da shi a can, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Na sa wannan a kan saƙon Zinariya, don in san ranar da zan fara jiran amsa. Washegari sanarwa ta dawo da Faransanci. Ta ce an goge saƙona ba tare da an karanta ba.

Inno, da ta karanta ta ce ba ta so, da na haƙura. Amma ta ga sunana kawai ta jefar.

Ga kuma abin da ya sa maganar ba za ta jira ba. Kamfanin sufurin da nake wa aiki yana neman mutum biyu, ɗaya a reshensa na Arlit, wanda kowa ke gudu saboda halin da ake ciki, ɗaya a Kotonu bakin teku, kuma wanda ya tafi can sai ya yi shekaru. Shugabana ya ce in zaɓa kafin wata ya ƙare. Da Arlit na yi niyya. Yanzu ban san abin da zan dawo in yi ba, in dinga gamuwa da ita a bakin famfo tana kawar da kai.

Ki ɗan duba mini, amma don Allah kada ki yi irin taki a gaban mutane.

Jikanki,
Kalilu

*

Arlit

Maigida,

Muna lafiya, gwiwa ta ji ruwan ɗumi ta gode. Jiya iska ta kwashe rumfar Baffanka ta kai ta gidan maƙwabta, ya ce dama yana son ya tashi daga wurin.

Ashe ɗan leƙen asiri ka ɗauka aiki ban sani ba. Ka aika wa yarinya zance, sannan ka laɓe bayan katanga kana jiran jin ko ta yi tari. A zamaninmu mai wannan aikin tsohuwa ce, kuma ana ba ta goro. Kai ka ba na'ura, ni ka bar ni da baki a bushe.

Ban tambayi Zinariya komai ba. Ba a tare ɗiyar mutane a ce mata "kin ga takardar wane?" kamar ɗan sanda. Ido kawai na sa, ga kuma abin da na gani.

Ka san yarinyar nan da bakinta. Da in ta leƙo gidan nan sai ta kira sunanka gatsal, har ta haɗa da kunnuwanka, ta ce ko suna nan da faɗinsu ko zafin Yamai ya rage su. To kwanan nan ta daina. Sunanka ya fita daga bakinta ƙaf. Na jarraba ta. Na ɗauko hotonka na ce idona ya yi rauni, wane ne wannan? Ta kalli ƙasa ta ce mutanen Yamai ne. Na ce mutanen Yamai ai suna da yawa, har shugaban ƙasa a can yake, wanne daga ciki? Sai ta tuna wai ta bar tukunya a wuta, ta fice har tana tuntuɓe da akuya. Na ƙara gwadawa da wani yammaci a gaban uwarta, nan ma ko harafin farko ban samu ba.

Na gaya maka abin da na gani. In kana da kai a tsakanin kunnuwan nan, ai ka gane.

Za ta bi jerin motocin da za su tashi nan gaba zuwa Cirozerin, yayarta ta haihu, sai an yi suna za ta dawo. Ka yi musu addu'ar hanya.

Abu ɗaya nake so. Wasiƙar da za ka aiko mini, ka sa mata ɗan leƙen asirin nan naka. Ina son in ji abin da zai faɗa a kaina, ko zai ce tsohuwa tana karatu tana bin layi da yatsa.

Inno

*

Yamai

Inno,

Ina gaisuwa. Lafiya lau, Allah ya kai su Cirozerin lafiya ya raya abin da aka samu.

Na gane, kuma na gode da ba ki ɓoye mini ba. Yarinyar da take wasa da ni tun muna tafiya lakwal tare, yau ko sunana ba ta son ya taɓa bakinta, hotona ma gudunsa take. Na'ura ta faɗa, ke ma kin gani da idonki. Shaida biyu ta isa.

Na rubuta mata saƙo na biyu yau da safe. Na ce ta ɗauka ban taɓa cewa komai ba, na janye maganata. Na ce ban zaci malamar da ke koya wa yara ladabi za ta watsar da maganar mutum ko dubawa ba ta yi ba. Na ce zan tafi Kotonu, inda na ji ƴan mata sun iya karatu. Na san wannan na ƙarshen ya yi zafi, amma ai ba karantawa za ta yi ba, na dai sauke abin da ke raina.

Shugabana ya yi tafiya, da ya dawo zan sa hannu a takardar Kotonu. Zan aiko miki da rediyo kafin in wuce.

Na sa miki ɗan leƙen asirin yadda kika ce, na sa a nata ma.

Kalilu

*

Yamai

Inno,

Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na ji a labarai an yi harbe-harbe a wajen gari, na kira wayar Baffa ba ta shiga. In kuna lafiya ki sa a turo mini ko kalma ɗaya.

Sanarwa ta dawo mini guda biyu. Ta Zinariya ta ce an goge ba a karanta ba, wannan na san da shi. Amma taki ma haka ta ce. An goge ba a karanta ba.

Har ke, Inno? Me na yi miki?

Kalilu

*

Arlit

Maigida, sarkin masu kunnuwa,

Lafiyarmu ƙalau, ka kwantar da hankalinka. Harbin can nesa ne, mu ƙararsa kawai muka ji. Layin waya ne ya ɗauke, siber ɗin Madam Dorkas ya zama wurin shan inuwa. Wasiƙarka mai zafin kai ta shigo ana gobe layin zai mutu, na karanta ta, na rasa ta inda zan miƙo hannu in ja kunnenka. Yau da ya dawo sai ga ƙaramar, mai "har ke, Inno". Na yi dariya har Madam Dorkas ta kawo mini ruwa.

To ni da na goge wasiƙarka ban karanta ba, bari in gaya maka abin da ke cikinta. Ka ce shaida biyu ta isa. Ka ce ƴan matan Kotonu sun iya karatu. Ka yi mini alkawarin rediyo, kuma wannan ban yafe ba.

Na zaunar da Madam Dorkas na ce ta nuna mini yadda take yi da saƙon mutane. Ashe duk adireshin da ta buɗe wa mutanen unguwa a ordinatar ɗinta guda suke sauka. Layi ba ƙarfi, kuran kuma, wutar lantarkin nan, yana zuwa yana tafiya, saboda haka da safe take janyo su gaba ɗaya. Ba ta buɗe ko ɗaya. Sunan mai shi kawai take dubawa daga waje, ta tura wa injin bugawa, ta ɗauko takardar a kife, ta ninke, ta danne da ƙarfe, ta rubuta suna a baya. Sannan ta goge na cikin na'ura don kada masu zuwa zama su leƙa. Ta ce wanda aka kawo mata ta buga dole idonta ya gani, amma wanda ya shigo amanar mai shi ne, ko na mijinta Bulus ba ta buɗewa. Ɗan leƙen asirinka yana tsaye a bakin ƙofa, ya ga ba a buɗe ba, ya ga an goge, ya ruga ya kai maka rahoto. Bai san takarda ta fita ta taga ba.

Wannan na na'ura ke nan, kuma ban ga laifinka sosai ba. Wanda ya ba ni haushi shi ne ɗayan. Kai yanzu boko ya cinye ka har sai an fassara maka abin da kowace yarinyar unguwa ta sani? Tun da aka haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakina? Ka duba wasiƙuna duka, ka ga inda na rubuta shi? Sunan kakanka aka sa maka. Na zauna da mutumin nan tun muna Damagaram, na biyo shi garin nan lokacin ba kowa sai tanti da iska, har Allah ya ɗauke shi ban kira sunansa ba ko sau ɗaya. Ƙinsa nake? Mace ba ta ajiye sunan namiji don ta tsane shi. Wanda aka tsana ai da sunansa ake zaginsa, har da na unguwarsu.

Amsa kuwa da kake jira, a ina za ta rubuta maka? A siber, samari na tsaye a bayanta suna karanta mata? Ka ce za ka turo Baffanka. Shi take jira.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Saƙonka na biyu, mai ƴan matan Kotonu, an buga shi, an ninke, yana cikin kwalin Madam Dorkas da sunan Zinariya a bayansa. Na ce ta ba ni in kai mata. Ta ce ta san irin kaiwar da zan yi. Na ce to ta yaga, ni zan ɗauki zunubin. Ta ce zunubi ba a ba da aronsa. Na yi mata kukan gwiwa, na yi na tsufa, na tuna mata ni na yi mata wankan jego da ta haifi ta biyu. Ta rungume ni ta ce duk ta sani, amma takarda sai hannun mai ita. Matar nan da dutse aka yi ta, shi ya sa kowa yake ba ta sirrinsa.

An ce motocin Cirozerin suna hanya cikin makon nan. Kada ka sa hannu a komai. Ka gaya mini abin da zan ce.

Inno

*

Yamai

Inno,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ni kam tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga. Abokan aikina sun zaci zazzaɓi ne.

Da ina baƙin ciki don an ce ba a karanta ba. Yanzu ba abin da nake roƙo sai kada a karanta. Shugabana ya dawo, na ce ya ƙara mini haƙuri kaɗan, ya dube ni ya ce Kotonu ba za ta jira ni ba.

Na fara rubuta wa Zinariya na uku, na ban haƙuri, sai na ga in ta buɗe na biyun kafin shi ba abin da zai gyara. Na fasa. Ke ce saƙona yanzu. Ki gaya mata gaskiya, kada ki yi mini ado. Ki ce na rubuta abin da bai kamata ba saboda na yarda da na'ura ban yarda da ita ba. Takardar tata ce, in ta ga dama ta karanta, kuma duk abin da ta yanke na karɓa. Amma in za ta yi mini alfarma ɗaya, ta bar ta a ninke.

Rediyo mai kyau zan sayo, mai kama tashoshin nesa.

Jikanki marar kai,
Kalilu

*

Arlit, ranar Laraba

Maigida,

Muna lafiya. Motoci sun iso jiya da hantsi, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, jaririya kuma an sa mata Mariyama.

Ban bari Zinariya ta huta ba. Da la'asar na ce ta raka ni siber, gwiwata ba ta yarda in tafi ni kaɗai. Madam Dorkas ta miƙa mata takardar, ta kalle ni ta gefen ido, ta shiga goge teburin da ba ƙura a kansa. A hanya na ga yarinya ta sa farce a bakin ƙarfen. Na ce ta dakata mu isa gida, akwai magana.

Muka zauna a tsakar gida na gaya mata duka, yadda ka ce, ban yi maka ado ba. Na ma ɗan ƙara gishiri a wajen wautar. Na ba ta labarin ɗan leƙen asiri. Da na zo kan "har ke, Inno" ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da na ce ka ɗauka ƙiyayya ce ta hana ta faɗin sunanka, sai dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana juya takardar a hannunta.

Ta ce, "Inno, da zafi abin da ke ciki?"

Na ce, "Da zafi. Ni na san abin da ke ciki, kuma in kin tambaye ni zan faɗa miki."

Ta ɗaga takardar saitin rana kamar mai duba ƙwai. Ni kuwa ina cewa a raina yau jikana ya tafi Kotonu. Sai ta sauke. Ta sa farce ta cire ɗan ƙarfen a hankali, ba ta bari ninkin ya buɗe ba, ta ajiye shi a gefen tabarma. Ta kira jar akuyata, wadda dama tun shigowarmu idonta yana kan takardar. Ta miƙa mata.

Maigida, ban taɓa ganin akuyar nan ta ci abu da ladabi irin na jiya ba. Ta fara daga kusurwa, ta bi da ƴan matan Kotonu, ta haɗiye har sunanka.

Sannan Zinariya ta buɗe jakarta ta lakwal ta nuna mini gefen wata takarda. Ta farkon ce. Ninkinta har ya fara tsagewa don yawan buɗewa, Cirozerin ma da ita ta je. Ta ce, "Ki gaya wa mutanen Yamai wadda na karanta ta ishe ni." Ta tashi ta tsallaka gidansu, wannan karon ba ta ce ta bar tukunya a wuta ba.

Baffanka ya kai babbar rigarsa wanki. Ranar Juma'a bayan an sauko zai je wurin Malam Zayyadu da goro. Kai kuma ka je ka gaya wa shugabanka ya ba wani Kotonu, Arlit ta yi maka kamu. Ka biyo jerin motocin sojoji, kada ka yi gaggawar da za ta sa ka hau ta kowa. Ka riƙe rediyona a cinya.

Madam Dorkas tana buga wannan tana share ido, ta ce in gaya maka ka sallami ɗan leƙen asirinka. Ni na ce a bar shi, ai ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa: saƙonka na biyu an goge shi ba a karanta ba. Akuyar kuwa na riga na gaya wa Baffanka, ko mutanen Damagaram da na Tawa duka za su zo bikin nan, ba mai sa mata wuƙa.

Ni dai na sake ka, ka je na yafe cefanen. Sunan nan da na riƙe ni kaɗai shekara da shekaru ban faɗa ba, yanzu mu biyu ne a unguwar nan ba ma faɗinsa.

Kakarka,
Inno